Injiniyan Kaduna da Soyayyen Biskit

Kusan shekara guda na yi ina namiji, injiniya, mazaunin Kaduna, alhali ina nan Funtua ina koyar da 'yan aji huɗu a firamare, in na tashi in dawo gida in ɗora tuwo. Ba ni na nemi muƙamin ba. Maigidana ne ya naɗa ni, bai kuma yi shawara da ni ba.

Shi kafinta ne. Shagonsa na cikin layin kafintoci, tsakanin mai haɗa gadaje da mai yin ƙofofi. Hannunsa na da kyau, wannan ko wanda ba ya son sa ya sani. In ya kalli katako sau ɗaya zai gaya maka inda zai tsage bayan damina biyu. Yana karanta ajami ba gargada, yana karanta Hausar boko a hankali yana bin ta da yatsa, amma shi da Turanci, in an wuce lambobin da ke jikin tef ɗin awo, gaisuwa ce kawai daga nesa. Yana aji uku aka cire shi aka kai shi gona. Ni ban ga abin kunya a nan ba, amma shi a wurinsa babu sirrin da ya kai wannan, don ya taɓa yin wata biyar a Kaduna yana koyon aiki, da ya dawo kuma ya bar 'yan layi suna zaton wani kwas mai takarda ya yi a can. Ga shi ya zo ya auri malamar makaranta. A layin nan, duk wanda aka ji alamar matarsa ce ke karanta masa abu, sunansa mijin-ta-ce, kuma in suna ya kama mutum a can har jikokinsa sai sun gada. Shekara goma sha shida yana kauce wa wannan suna, bai taɓa bari ko inuwarsa ta taɓa shi ba.

Sai ga injin biskit ya shigo rayuwarmu.

Wani Ibo mai sayar da kayan aiki, haifaffen garin nan, wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri, shi ya samo shi cikin kayan gwanjo, a kwalinsa, da ledar biskit cike, da ɗan littafin bayani. Injin kamar wanda masu walda ke yanka ƙarfe da shi yake, sai dai shi an ɓoye masa haƙoransa a cikin baki. Manna bakin ake yi a gefen katako a tura, sai wani faifan zarto ya leƙo ya yanka siririn rami mai siffar jinjirin wata, ya koma ciki. A yi irin ramin a gefen ɗaya katakon, a shafa gam, a cusa wani ɗan falle na matsattsen itace mai kama da ƙwallon mangwaro da aka tsotse aka take. Shi ne biskit ɗin. Rabinsa na cikin wannan katako, rabi na cikin wancan. Da ya sha danshin gam sai ya kumbura ya riƙe su gam, katako biyu su zama ɗaya, ba kan ƙusa ko guda a fuskarsu. A duk layin babu mai irinsa.

Ranar da ya saya, ya shigo gida bayan la'asar, ya zauna a tabarma, ya ciro littafin daga aljihu ya ajiye kusa da ƙafata yana kallon wani wuri.

"Malama, ɗan duba mini nan. Idona ne yau yake ruwa."

Tun da aka kawo ni gidan nan idonsa ke ruwa duk lokacin da Turanci ya gifta, don haka ban tambayi magani ba. Na karanta masa shafin farko da na biyu ina juyawa da Hausa, yana gyaɗa kai kamar dama ya sani, gwada ni kawai yake yi.

Washegari lokacin tara, wato hutun kalacin makaranta, ina zaune gindin darbejiya da sauran malamai ina cin ɗanwake, wayata ta yi ƙara. Shi ne. Ina ɗauka na ji hayaniyar maza a bayansa, sai ya ɗaga murya ya ce:

"Injiniya, barka da aiki. Ya Kaduna?"

Na ce, "Wace Kaduna? Malam, lafiya kake?"

"Madalla, madalla. Ya iyali, ya yara?"

"Yaranka ne, kai ka sallame su da safe."

"To Alhamdu lillahi. Injiniya, dama wannan inji ne da muka yi magana. Kafin a kunna, me ka ce a fara yi?"

A nan na gane. 'Yan layi sun taru ganin sabon abu, shi kuma karatun jiya ya zube masa. Allah ya sa littafin na cikin jakata, tare da rajistar aji. Na goge hannu na buɗe. Akwai wata kalma a layin farko da na san ta sarai, don har a jarrabawa na sha ba yara ita, ma'anarta shinge. Na ce masa, littafi ya ce a tabbata an kafa shinge an ɗaure shi tamau kafin a kunna.

"Shinge," ya maimaita da ƙarfi don kowa ya ji. "Ai na faɗa musu. Na gode, ranka ya daɗe."

Kafin azahar ya sayo zana biyu ya kafa dirkoki ya kewaye teburin aikinsa. Ya shiga ciki shi da inji, jama'a na leƙe ta sama. Injin ya yi aiki, amma ramukan kowanne da inda ya ga dama ya fito, wani sama wani ƙasa, in aka haɗa katako sai ɗaya ya ɗara ɗaya tudu. Kwana uku muna wannan. A rana ta huɗu na juya bayan littafin na ga hoton injin da kibiyoyi, kowace kibiya da suna. Ashe shingen da ake nufi wani faffaɗan ƙarfe ne a goshin injin, mai ɗan maɗauri a gefe. Shi ake kwantarwa a fuskar katako, shi ke sa kowane rami ya fito a tsayi ɗaya. Namu kuwa tun daga kanti a kwance yake yana lilo.

Na nuna masa, ya ɗaure, ramuka suka daidaita. Na ce to sai a cire zana.

"A cire? Bayan Injiniya ya ce a kafa?"

Zana ta zauna. Ya bayyana wa 'yan layi cewa iska ce ba a so ta shiga ramin kafin biskit ya shiga. Bayan mako biyu mai ƙofofi ma ya kewaye injin gogensa da zana, ya ce shi ma ya ga canji.

Kuskurena na biyu ya fi ba ni kunya, don shi ya kama ni. Injin ya fara tari, yana tartsatsin wuta ta bayansa, ya yi aiki ya tsaya. Aka kira Injiniya. Na duba shafin cututtuka, wanda ke lissafa alama da magani, na ce buroshi ne suka cinye, a canza, guda biyu ne ƙanana. Ya ce to. Da yamma ya shigo da buroshin goge baki biyu, na yara, ɗaya ja ɗaya kore, ya ajiye su kusa da injin. Muka zauna muna kallon su, muna neman inda za su shiga. Can ya karɓi littafin daga hannuna, ya kalli hoton da ke ƙasan rubutun, sai ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Malama, kabon ne. Wannan ai kabon ne. Duk wani inji mai wuta yana da shi."

Ya kwance wasu murafu biyu a ƙugun injin da sukundireba, ya zaro 'yan baƙaƙen duwatsu biyu masu sifirin, sun cinye saura ƙiris. Washegari ya sayo sababbi wurin Ibon nan, cikin minti biyar injin ya warke. Tun daga ranar na san matsayina: ni ke da kalmar, shi ke da abin, kuma in ɗaya ya tafi babu ɗaya sai a sayo buroshin baki.

Su ma buroshin ba su yi asara ba. Littafi ya ce a riƙa wanke haƙoran zarton daga ƙaron itace da ke daskarewa a kansu, sai ya zama duk safiyar Juma'a yana zare wayar injin daga wuta, ya kwance faifan, ya jiƙa shi da kananzir ya goge haƙori ɗaya bayan ɗaya da jan buroshi. Koren kuma na share garin katako ne daga maƙogwaron da injin ke tofar da shi, don in ya toshe sai ramin ya cika da gari, injin ya yi zafi. Sau ɗaya ya mayar da faifan a juye, haƙora na kallon baya, injin ya ƙi yanka sai ƙona katako yana hayaƙi, har mai shayin bakin layi ya zo da bokitin ruwa. Akwai 'yar kibiya a jikin faifan da ke nuna inda zai juya, Injiniya ya tuna masa. Sau ɗaya kuma bakin injin ya riƙa maƙalewa, in an tura ba ya dawowa, sai ya ɗura masa baƙin mai irin na babur. Mai ya haɗu da garin katako suka tuƙa tuwo a ciki. Injiniya ya ce a wanke tas a goga kyandir a kan hanyar da yake zamewa. Wannan ba ya cikin littafi, daga zif ɗin jakata na koya.

Kafin a je ko'ina Injiniya ya yi suna a layin, ya kuma yi jiki. Maigidana ya ba shi tumbi da sanƙo. Ya kai shi Jamus karatu na shekara bakwai. Ya ce mutum ne mai yawan mitin, ba a samun sa sai tsakanin ƙarfe goma da goma da rabi na safe, wato lokacin tara, amma abin mamaki in makarantu suka yi hutu sai ya samu sarari ƙwarai. Mutane suka fara aiko masa da gaisuwa. Mai gadaje, da aka haɗa masa allon gado ba ƙusa, ya kawo zabi biyu ya ce a kai wa Injiniya in an samu mai zuwa Kaduna. Injiniya ya ci su da shinkafa, ya ce a gaya masa sun yi daɗi.

Da farko abin dariya yake ba ni. Daga baya ya daina.

A wani suna ne, a gidan mai ƙofofi, ina zaune cikin mata, matarsa ta dube ni ta ce, "Malama, ke da kike da boko, ai da kin roƙi maigidanki ya haɗa ki da Injiniyan nan ko a waya ne, ki ƙaru. An ce kansa kamar kwamfuta. Irin su ne masu ilimi, ba irin namu na koya wa yara baƙi da wasali ba." Matan suka yi ta yabon mutumin, wata ma ta tambaya ko matarsa ɗaya. Na yi murmushi na ce zan roƙa. Na mayar da alkakin da ke hannuna cikin faranti.

Da na dawo na same shi a tsakar gida yana wasa wuƙa. Na ce, "Malam, wannan Injiniya naka sai yaushe zai yi ritaya?"

Ya ɗago. Ya ga ba wasa nake ba, ya ajiye wuƙar.

"Malama, kin san layin nan. In suka ji, na shiga uku. Ki rufa mini asiri."

Na rufa. Amma gaskiya abin ya yi mini ciwo. Ba zabi nake so ba, ba kuma yabon matar mai ƙofofi ba. So nake ko sau ɗaya mutumin nan ya buɗe baki a gaban mutane ya ce matata ce, ba tare da ya ji kamar an tuɓe masa riga a kasuwa ba. Kishi na kama ni da wani ƙato mai tumbi wanda babu shi a duniya, kuma babu wanda zan kai wa ƙara.

Mutum ɗaya ne a layin bai taɓa aiko wa Injiniya gaisuwa ba, shi ne Ciyaman, shugaban kafintocin layin. Dattijo ne siriri mai farin gemu, ya shekara arba'in yana buga ƙusa, yana kuma ganin duk abin da ba a buga da guduma ba wasan yara ne. In ya wuce zanar maigidana sai ya tsaya ya tambaya ko akuyar ta haihu.

To a cikin watan Yuli, ruwa ba dare ba rana, sai ga Ciyaman da kansa ya sa an turo katakon maɗaci huɗu a baro. Wani Alhaji mai hatsi a Malumfashi ne ya ba shi aikin babban teburin cin abinci, ya kuma gindaya sharaɗi cewa ba ya son ganin kan ƙusa ko cike a fuskar teburin. Jibi za a zo ɗauka. Ciyaman ya ce, "To mai Injiniya, ga fili. A haɗa mini su mu gani."

Maigidana ya jera katakon, ya ja layukan fensir a inda kowane biskit zai zauna, ya shiga zana ya yanka ramuka tsaf. Ya ɗauko biskit ya cusa, ya ƙi shiga. Ya ɗauki wani, ya ƙi. Ya sa guduma, biskit ya dare biyu. Ciyaman na zaune a benci yana cin goro yana kallo. Sau uku maigidana ya kwance injin a ranar. Ya ce faifan ne ya cinye ya sirance, ya auna, lafiyarsa lau. Ya ce zurfin ne ya goce, ya juya ɗan maɓallin da ke da lambobin girman biskit, ya dawo da shi inda yake. Ya wanke haƙora alhali ba Juma'a ba.

Washegari, ina tsakiyar koyar da rabawa, ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, waya ta yi ƙara. Na fita baranda. Muryarsa ƙasa-ƙasa, da alama ya tsuguna ne a bayan zana, kuma a karon farko bai tambaye ni Kaduna ba.

"Malama, na mutu. Ba sa shiga. Gobe za a zo ɗauka, ga dattijon nan ya kafa ya tsare."

Na buɗe shafin cututtuka ina riƙe da alli a ɗaya hannun. Yana nan a ƙasa, layi biyu kacal. Na ce, "Ina kake ajiye ledar biskit ɗin?"

"A kan kanta, ƙarƙashin kwano."

"A buɗe?"

"A buɗe mana."

"Injinka lafiyarsa ƙalau. Biskit ne suka sha laimar damina suka kumbura tun kafin su ga gam."

"To sai a shanya?"

Na kalli sama. Kwana huɗu rabon mu da ganin rana, ko wankin da na yi ranar Lahadi bai bushe ba. Littafi ya ce a sa su a tandun gasa burodi na gida na ɗan lokaci. Ba mu da shi, maƙwabtanmu ma ba su da shi, mai burodin unguwa kuwa in aka kai masa itace ya gasa, kafin magariba gari ya ɗauka. Sai gyaɗa ta faɗo mini a rai. Na ce ya kawo ledar gida da azahar, ya haɗo da guntun katako mai rami ɗaya na gwaji.

Na taso daga makaranta na hura gawayi a kurfoti, na ɗora kaskon suyar gyaɗa, na zuba yashi. Da yashin ya yi zafi na watsa biskit goma na fara juyawa. Ban rage wuta ba, don hannuna gyaɗa ya sani. Kafin in ankara gefensu ya yi baƙi, hayaƙi ya tashi. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga.

"Malama, me ake soyawa haka, ƙauri kamar gobara?"

"Biskit."

"Ikon Allah. In ya yi a ɗan sam mini."

Zubi na biyu na yi hankali. Na bar yashin ya yi zafi, na sauke kaskon ƙasa, sannan na binne su a ciki ina juyawa a hankali, in yashin ya huce in mayar kan wuta shi kaɗai. Bayan kamar rabin awa na tsamo ɗaya na kaɗe, na bari ya sha iska, na sa a ramin gwaji. Da ɗan yatsa kawai na danna ya shige, ba sako-sako, ba matsi. Na tsaya ni kaɗai a tsakar gida ina yi wa guntun katako murmushi. Na soya sauran, na tankaɗe su a rariya, na zuba a samira na rufe, na ɗaure da leda don kada laima ta sake samun su.

Shi ya riga ya koma shago, don ba ya iya barin Ciyaman shi kaɗai da katakon, yara kuma suna Islamiyya. Na sa hijabi na rataya jaka na tari Keke Napep.

Ban cika zuwa layin ba. Na tarar ana yayyafi mai ƙarfi, kusan duk kafintocin sun fake a rumfar maigidana, wai ruwa suke gudu, alhali kallo suka zo. Da suka gan ni da samira suka buɗa hanya, mai gadaje ya ce yau Malama ta kawo mana gara. Maigidana ya karɓa ya buɗe. Ɗumi ya taso, da ɗan ƙamshin yashi. Kowa ya miƙa wuya.

"Injiniya ne ya ce a soya su," in ji shi, bai kalle ni ba. "Haka ake yi a Jamus in damina ta yi ƙarfi."

Na koma gefen zana na tsaya ina jiran kwanona. Ya shafa gam, ya riƙa ɗaukar biskit yana dannawa, kowanne na shigewa sumul. Ya haɗa katako na farko da na biyu, na uku, na huɗu, ya ɗaura ƙarafan matsewa ya murɗa har gam ya tsatso a layi, ya goge da tsumma. Ciyaman ya tashi daga benci, ya tofar da goro, ya rufe ido ya bi fuskar katakon da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan. Ya sake bi. Ya buɗe ido.

"To," ya ce. "Na gani."

A bakin Ciyaman wannan kalma ta kai kambun zinariya, kowa a wurin ya sani. Maigidana har kunnuwansa sun yi murmushi. Sai dattijon ya ƙara da cewa, "Mutumin da ya san a soya itace cikin yashi, ya kamata ya ji godiya daga bakin babba. Kira mini shi. A buɗe murya kowa ya ji."

"Ranka ya daɗe, yanzu yana mitin."

"In ya ga kiran ai ya fito. Ni ma mitin na baro."

"Wayata ba kati."

"An sa maka jiya a gabana," in ji mai ƙofofi, ya miƙa hannu ya ɗauki wayar daga kan kanta, don hannun maigidana duk gam ne. Ya latsa, ya latsa, ya ce, "Ga shi nan, Injiniya Kaduna." Ya danna kira, ya buɗe murya, ya ajiye ta a kan sabon teburin.

Wayata kuwa ƙarar ta na ƙure ne, saboda hayaniyar 'yan aji huɗu. Ta fara kuka a cikin jakata, a ƙarƙashin hijabi, a rumfar da kowa ya yi tsit yana jiran Kaduna. Kawuna suka juyo ɗaya bayan ɗaya.

Na daɗe ina mafarkin wannan lokaci. Na sha tsara yadda zan ciro wayar a hankali, in gyara murya, in kalli mai ƙofofi. Sai na kalli maigidana. Yana tsaye da hannuwa a buɗe, gam na bushewa a yatsunsa, fuskarsa ta koma ta yaron da aka tsayar gaban allo bai san amsa ba. Na san fuskar nan, kullum ina ganin ta, kuma ban taɓa iya barin yaro ya daɗe da ita ba.

Na danne jakar da gwiwar hannu na ce, "Ƙanwata ce daga Matazu, ba ta da aiki sai kira. Bari in je, na bar wuta a gida." Na juya na taka waje, ruwa ya fara dukan kaina, wayar na ta kuka a hammatata, tasa ta kan tebur na amsa mata.

"Malama."

Na tsaya ban juyo ba.

"Ki dawo ki ɗauka." Da ƙarfi ya faɗa. "Ciyaman ne ke son yi miki godiya."

Na dawo cikin rumfa. Na ciro wayar na danna, na yi sallama, sallamar ta fito ta bakina ta kuma fito ta kan teburin Alhajin Malumfashi. Ba wanda ya amsa. Mai gadaje ya buɗe baki, na ga yana lissafin zabinsa. Mai ƙofofi ya dubi zana, ya dube ni, ya sake duban zana.

"Ba wani Injiniya," in ji maigidana, yana kallon Ciyaman ido cikin ido. "Ni ban iya Turanci ba, ban taɓa iyawa ba. Ita ke karanta mini tun ranar farko. Suyar nan ma ba ta cikin littafi, dabararta ce."

Daga can baya wani ya ce a hankali, "Ashe dai mijin-ta..."

"Ta ce," maigidana ya ƙarasa masa. "Ta ce a soya, aka soya. Ga tebur."

Rumfar ta fashe da dariya, har da masu buga benci. Ciyaman bai yi dariya ba. Ya amsa sallamata da aka bari a ƙasa, ya ce Allah ya yi albarka, ya kuma tambaye ni ko yashin kogi ne ko na gini. Sunan kuwa ya kama shi tun a ranar. Har yau da shi ake kiran sa daga wannan bakin layi zuwa wancan, yana kuma amsawa.

Ya wanke hannu ya rufe shago da wuri, ya ɗauki samirar da kansa ya bi ta tsakiyar layin da ita, ina biye. A cikin Keke na ce masa, "Ai da ka bar ni na tafi. Da sun yarda."

Ya kalli ruwan da ke zuba ta gefen labule.

"Na ga kin shiga ruwa kina jiƙewa saboda ƙaryata," ya ce.

Na juyar da fuska gefe, don kada in yi kuka a bayan mai Keke.